'Yan Daba Da Gadon Raba Gari: Darasi Ga Minna Daga Kano Da Shanghai

Cikin watan Afrilu na shekarar 2025 Gwamnan Jihar Neja, Alhaji Muhammad Umaru Bago, ya kafa dokar hana babura na haya da kekuna masu ƙafa uku zirga-zirga a garin Minna daga ƙarfe 6 na yamma zuwa ƙarfe 6 na safe. Abin da ya jawo haka shi ne faɗace-faɗacen da gungun samari suka daɗe suna yi da juna, unguwa da unguwa, da adduna da wuƙaƙe da gorori, har ta kai ana rasa rayuka, ana ƙwace wa masu wucewa wayoyi da kuɗi, 'yan kasuwa suna rufe kantuna tun rana ba ta faɗi ba. Sunayen unguwanni irin su Limawa da Unguwar Daji da Barikin Sale sun sha fitowa cikin labaran wannan fitina, ko da yake mafi yawan mazaunansu mutane ne masu neman halaliyarsu, su ne kuma suka fi kowa ɗanɗana kuɗarta. Gwamnan ya kuma ba da umurni a kama duk wanda aka gani da tulin gashi irin na dada a aske shi, maganar da ta ta da ƙura sosai, har ya fito daga baya ya yi ƙarin bayani a kanta.

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wanda ya bi tarihin garuruwan da baƙi suka mallaka suka tsara, zai ga cewa 'yan daba sukan tsiro ne a wurin da aka raba gari gida-gida, kowane yanki da irin mutanensa da irin dokarsa, sa'an nan sukan yi ƙarfi ne idan wani babba ya tsaya musu. Minna ta ga mafarin wannan tsari, Kano ta ga yadda siyasa ta shiga cikinsa, amma inda ya nuna sosai har ya ruɓe shi ne birnin Shanghai na ƙasar Sin.

Garin Da Reluwe Ta Haifa

Kafin zuwan Turawa, Minna ƙauyen Gwarawa ne a bisa dutsen Paida. Abin da ya mayar da ita gari shi ne hanyar jirgin ƙasa wadda aka soma shimfiɗawa cikin 1907 daga Baro, a bakin kogin Kwara, zamanin Gwamna Girouard, ta ratsa ta Minna da Zariya ta isa Kano cikin 1911, tafiyar mil 350 da 'yan kai. Ba da daɗewa ba hanyar da ta taso daga Ikko ta biyo ta Jebba da Zungeru ta zo ta haɗu da ita a Minna, garin ya zama mahaɗa, daga bisani kuma ya zama hedkwatar Lardin Neja.

Ba da son rai aka yi yawancin aikin nan ba. Turawa sun ɗora wa sarakuna da hakimai nauyin kawo leburori, aka riƙa ɗibar mutane daga ƙasashen Nufawa da Gwarawa da Hausawa, sau da yawa a lokacin da gonakinsu suke bukatarsu. Cikin 1909 mutanen Gussoro, wani garin Gwarawa da ke wannan yanki, suka kashe wani jami'in Bature tare da 'yan sandan da ke rakiyarsa, gwamnati ta aika da sojoji suka murƙushe garin. Da irin wannan ɗaci aka aza harsashin sabuwar Minna.

Da jirgi ya soma gudu, sai mutane suka kwararo daga ko'ina: fatake da mahauta da malamai Hausawa, Nufawa masu sana'a, Yarabawa 'yan kasuwa, akawuna da makanikai daga Kudu, har da mutanen Saliyo da Gwalkwas. Kowane iri ya sauka kusa da nasa. Sunayen tsofaffin unguwannin garin suna ba da labarin da kansu: Kwangila tana tuna zamanin 'yan kwangila da leburorinsu, Sabon Gari mazaunin baƙi ne, Ƙetaren Gwari kuwa tana nuna inda masu ƙasar suka koma zama a gefe.

Yadi 440

Cikin 1917 Gwamna Lugga ya kafa dokar tsara garuruwan bariki, wadda ta kasa su aji uku. Ikko kaɗai ce a aji na ɗaya, Minna kuwa tana aji na biyu tare da irin su Kano da Zariya da Kaduna da Lakwaja. Bisa wannan tsari, akan keɓe wa Turawa unguwarsu, a kewaye ta da fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a yarda kowa ya yi gini a cikinsa ba. Baƙar fata ba ya kwana a unguwar Turawa sai in boyi ne ko kuku ko mai gadi.

Dalilin da aka bayar shi ne kiwon lafiya. Tun da aka gano cikin 1897 cewa sauro ne yake yaɗa zazzaɓin cizon sauro, likitocin mulkin mallaka suka ɗauka cewa jinin 'yan ƙasa, musamman yara, shi ne rumbun cutar, don haka sai a nisanta Bature da su. Amma abin da ya biyo baya ya wuce maganar sauro. Tituna masu kyau da magudanan ruwa da itatuwa masu inuwa suka tafi unguwar Turawa, alhali kuwa harajin da aka yi aikin da shi ya fito daga aljihun waɗanda aka bari cikin cunkoso a ƙetaren filin.

Raini kuma bai tsaya tsakanin fari da baƙi ba. Turawa sun jera ƙabilu hawa-hawa cikin rahotanninsu: Fulani a ganinsu an haife su don mulki, Gwarawa da sauran waɗanda ba Musulmi ba arna ne marasa wayewa, ɗan bokon Kudu kuwa mai tsaurin ido ne wanda zai ɓata talakan Arewa idan aka bari suka cuɗanya. Wani ɓangare na wannan raini sun tarar da shi a ƙasa, amma su ne suka rubuta shi cikin doka, suka zana shi a taswirar gari.

Kano: Daga Farauta Zuwa Banga

Wanda ya bi jirgin daga Minna zuwa ƙarshen hanyarsa zai tarar da wannan tsari ya fi fitowa fili a Kano. Bayan da sojojin Ingila suka ci birnin ran 3 ga Fabrairu, 1903, Turawa suka zauna a Nasarawa da Bompai. Cikin ganuwa aka bar Kanawa ƙarƙashin Sarki da alƙalai da dogarai. Kwarori suka sami wuri a Fagge ta Kudu, inda Kantin Kwari ya samo sunansa. Cikin 1913 aka yanka Sabon Gari don ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, ƙarƙashin majistare Bature, har zuwa 1940 da aka mayar da ita hannun En'e. Baƙi 'yan Arewa kuma aka nuna musu Tudun Wada da Gwagwarwa. Abin da aka haramta a birni, kamar giya, ana sayar da shi a fili a Sabon Gari, tafiyar 'yan mintoci kaɗan.

Ita daba, asalinta ba laifi ba ce. Wuri ne da mafarauta da 'yan tauri na unguwa suke taruwa, su shirya fita daji da karnukansu lokacin rani, su gwada maganin ƙarfe a gaban makaɗa. Akwai gasa da gaba tsakanin unguwanni tun da can, amma tana da iyaka, tana kuma da manya masu tsawatawa. Siyasar jam'iyyu ce ta canza mata fuska. An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, NPC kuma ta zama jam'iyyar siyasa cikin 1951. Da gaba ta yi tsanani, sai kowane ɓangare ya nemi ƙarti masu tsaron taro da shugabanni, waɗanda aka sani da 'yan banga. Cikin 1953 wata ƙungiya mai goyon bayan sarauta, wadda aka laƙaba wa suna Jam'iyyar Mahaukata, ta yi ƙaurin suna wajen dukan 'yan NEPU, su ma 'yan NEPU suka kafa tasu rundunar. Magoya bayan NEPU sun daɗe suna kukan cewa idan an yi faɗa, su ake kaiwa gaban alƙali a ɗaure, abokan faɗansu kuwa su kwana a gida.

A cikin wannan shekarar ne, daga ran 16 zuwa 19 ga Mayu, aka yi tarzomar Kano, bayan da Cif Akintola ya shirya zuwa da tawagar jam'iyyarsa don neman goyon bayan samun mulkin kai cikin 1956. Lissafin gwamnati ya nuna mutum 36 sun mutu, 241 sun ji rauni. Abin lura shi ne inda aka fi gwabzawa: tsakanin Fagge da Sabon Gari, watau daidai kan iyakar da mulkin mallaka ya shata shekaru 40 kafin nan. Turawa sun tafi cikin 1960, amma banga ba ta bi su ba. Ta sake ɗagowa a Jamhuriya ta Biyu, kuma ran 10 ga Yuli, 1981, masu tarzoma suka ƙone gine-ginen gwamnati a Kano, suka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara kan siyasa.

Gari Ɗaya, Hukuma Uku

Don a ga iyakar inda irin wannan hanya take kai gari, sai a dubi Shanghai, babbar tashar jiragen ruwa da ke kusa da inda kogin Yangtze ya shiga teku. Ingila ta yaƙi ƙasar Sin daga 1839 zuwa 1842 saboda Sinawa sun hana ta sayar musu da ofiyom, wani mugun abin maye da ake tatsa daga wani fure, wanda ake nomawa a Indiya. Da Sin ta sha kashi, sai aka tilasta mata buɗe garuruwa biyar ga baƙi, har da Shanghai. Ingilishi suka yanki unguwarsu cikin 1845, Faransawa suka yanki tasu cikin 1849, sa'an nan cikin 1863 unguwar Ingilishi ta haɗe da ta Amurkawa ƙarƙashin majalisa guda.

Ta haka birni ɗaya ya zama yana da hukuma uku, da rundunar 'yan sanda uku, da dokoki iri uku. Baƙo ba ya gurfana gaban kotun Sinawa, sai gaban kotun ƙasarsa. Wajen 1930 mutanen birnin sun kai miliyan 3, baƙi kuwa ba su kai 100,000 ba. Ko a cikin unguwannin Turawan, Sinawa ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, su ne kuma suke biyan kaso mai tsoka na haraji, amma ba su sami kujera a majalisar unguwar Ingilishi da Amurkawa ba sai cikin 1928. Lambun shaƙatawa da aka buɗe a bakin kogi cikin 1868 an hana Sinawa shigarsa har zuwa 1928, in ban da masu reno da barorin Turawa. Cikin dokokin da aka kafe a ƙofarsa, ɗaya ta keɓe wurin ga baƙi, wata kuma ta hana shiga da karnuka, abin da Sinawa ba su manta da shi ba har yau.

Talakawan da suka kwararo daga ƙauyuka sun rarrabu bisa garuruwansu na asali, kamar yadda aka gani a Minna. 'Yan dako a tashar jiragen ruwa, da masu jan keken ɗaukar mutane, da 'yan mata masu aikin masaƙa, duk sai ta hannun ɗan kwangila suke samun aiki, shi kuwa yana yankar rabonsa daga ladansu. Mutanen da suka fito daga arewacin kogin Yangtze su ne a ƙasan kowa, har 'yan'uwansu Sinawa suna yi musu kallon ƙasƙanci. Wanda ba shi da hukumar da zai kai wa kuka, dole ya nemi ubangida. Nan ne ƙungiyar asiri mai suna Qing Bang, watau Koriyar Ƙungiya, ta sami ƙofa. Asalinta ƙungiyar taimakon juna ce ta matuƙan jiragen dakon hatsi, da aikinsu ya mutu sai suka gangaro birni da rantsuwarsu da tsarinsu na uba da almajirai.

Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Iyakokin nan uku sun zama alheri ga ɓarayi. Mutum ya yi kisa a unguwar Ingilishi, ya tsallaka titi ɗaya ya shiga ta Faransawa, ɗan sandan da ke binsa ya ja birki. Turawa kuwa ba su jin harshen mutanen da suke mulka, ba su kuma san lungunansu ba, saboda haka suka ɗauki ɓarawo ya kama musu ɓarawo. Huang Jinrong, wanda ya shiga 'yan sandan Faransawa cikin 1892, ya hau har ya zama shugaban 'yan sandan ciki na Sinawa, alhali kuwa shi ne uban 'yan daban unguwar, yana karɓar la'ada daga gidajen caca da na karuwai da na shan ofiyom.

Da aka haramta shigo da ofiyom daga Indiya cikin 1917, sai cinikin ya koma ɓoye, ribarsa ta ninka. Gungu biyu suka yi ta gwabzawa a kansa. Ɗaya shi ne Manyan Takwas, ƙarƙashin Shen Xingshan, waɗanda suke da ƙafa cikin 'yan sandan unguwar Ingilishi, suna yi wa fataken ofiyom rakiya. Ɗayan kuwa shi ne Ƙananan Takwas, waɗanda wani yaron Huang mai suna Du Yuesheng ya haɗa, suna tare kayan a kogi da kan hanya suna ƙwacewa. Shi Du maraya ne, ya soma da tallan kayan marmari. Da Ingilishi suka matsa wa fataken, sai suka ƙaura zuwa unguwar Faransawa, Du da Huang da abokinsu Zhang Xiaolin suka kafa kamfani wanda ya kame cinikin gaba ɗaya, jami'an Faransawa suna samun nasu rabo a kai a kai.

A nan ne fuska biyu ta mulkin baƙi ta bayyana. Ran 30 ga Mayu, 1925, ɗalibai da ma'aikata suka yi zanga-zanga a titin Nanjing, wani sufeton 'yan sanda Bature ya ba da umurnin harbi, aƙalla mutum 9 suka mutu. Amma ran 12 ga Afrilu, 1927, da Janar Chiang Kai-shek ya so murƙushe ƙungiyoyin ma'aikata da 'yan kwaminis, 'yan daban Du ne suka yi masa aikin, kuma shugaban majalisar Turawa, wani Ba'amurke mai suna Stirling Fessenden, ya ba su izinin ratsa unguwar da makamansu. An kashe ɗaruruwan mutane cikin 'yan kwanaki. Shugaban ma'aikatan, Wang Shouhua, an gayyace shi cin abinci gidan Du daren da ya gabata, bai fito da rai ba. Ladan Du shi ne muƙamin girmamawa na Manjo Janar. Cikin 1931 ya sami kujera a majalisar unguwar Faransawa, cikin 1935 kuma aka sa shi cikin kwamitin yaƙi da ofiyom na birnin. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Ƙarshensu bai yi kyau ba. Zhang Xiaolin ya haɗa kai da Japanawa, mai tsaron lafiyarsa ya harbe shi cikin 1940. An soke unguwannin baƙi cikin 1943. Da 'yan kwaminis suka karɓi mulki cikin 1949, Du ya gudu Hong Kong ya mutu can cikin 1951, a shekarar da aka ɗauki hoton tsoho Huang yana sharar titi a gaban gidan wasan da ya taɓa mallaka. Sabuwar gwamnati ta yi amfani da ƙarfi mai tsanani, an kashe mutane da yawa, amma abin da ya karya ƙashin bayan daba shi ne birnin ya koma hukuma ɗaya, cinikin ofiyom ya mutu, 'yan kwangilar leburori sun rasa ikonsu, babu kuma wani babba da ya rage mai bukatar 'yan daba.

Abin Lura Ga Minna

Minna ba Shanghai ba ce, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa Turawan da suka tafi fiye da shekara 60 alhakin kowace adda da aka zare a yau. Tun da garin ya zama babban birnin Jihar Neja cikin 1976 ya yi ta faɗaɗa, unguwanni irin su Kpakungu da Soje da Barikin Sale suka cika suka tumbatsa ba tare da isassun tituna da makarantu da magudanai ba, kwanan baya kuma ga waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Shiroro da Munya da Rafi. Amma wanda ya kwatanta unguwar manyan ma'aikata da waɗannan wurare zai ga cewa filin nan na yadi 440 bai ɓace ba, masu zama a bayansa ne kawai suka canza.

Darasi na farko shi ne, yaron da ke riƙe da gora shi ne mafi arha cikin wannan ciniki. Akwai mai sayar masa da ƙwaya, akwai mai sayen wayar da ya ƙwato, akwai mai ɗaukarsa haya lokacin zaɓe, akwai kuma mai buga waya a sake shi idan ya shiga hannu. Muddin waɗannan suna barci lafiya, kamun yara zai zama ɗibar ruwa da kwando.

Na biyu, hukunta mutum saboda gashinsa ko sunan unguwarsu tsohuwar ɗabi'ar mulkin mallaka ce, wadda ta ɗauki talakan gari abin zargi tun kafin ya yi laifi. Saurayin da aka hana aiki don ya fito daga unguwa kaza, ko aka wulaƙanta shi a shingen 'yan sanda ba da laifi ba, an tura shi ne hannun uban daba, wanda shi kaɗai yake kiransa da sunansa.

Na uku, gari yana bukatar doka ɗaya ga kowa, da rabon aiki wanda zai kai kwalta da fitila da makaranta da wurin koyon sana'a cikin lungunan da aka manta. Masu unguwanni da limamai da fastoci da Masarautar Minna sun san yaran nan da iyayensu gida-gida, kuma sulhun da za su ƙulla tsakanin unguwanni zai fi dokar hana fita daɗewa, in dai hukuma ta tsaya a bayansu ba tare da duban jam'iyya ba. Shanghai ta yi shekara 100 kafin ta rufe tsagar bangonta, ta kuma biya da jini mai yawa. Minna tana da sauran damar gyara nata bangon da sauƙi. Allah ya ba shugabanni ikon yin haka, ya kuma shiryi matasa, amin.